Wankin ciki kafin a saka kyamarar hanji: wane magani ya dace da Baba?

"Assalamu alaikum, likita. Mahaifinmu shekararsa 64, ya kai wata uku yana ganin jini a bayan gida. Da muna cewa basir ne, yanzu likita ya rubuta masa kolonoskofi, wato a saka kyamara a duba hanjinsa, ranar Talata da ƙarfe 10 na safe. Yana da hawan jini da ciwon suga, yana shan lisinopril da ƙwayar da ke sa fitsari da metformin, ga kuma maganin ƙarin jini. Maganin wankin cikin da aka rubuta mana ba mu same shi ba. A kemis mun tarar da kala biyu: wani gari da ake damawa a ruwa lita 4, da wasu ƙananan fakiti biyu da ake sha a kofi. Mai kemis ya ce ƙaramin ya fi daɗin sha. Kawunmu kuma ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, gishirin Epsom da man zurma sun isa, da su aka yi masa nasa. Wanne ya fi? Kuma daga garinmu zuwa asibitin tafiyar awa biyu ce." Daga wata mai karatu.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa a ga alheri. Kun yi daidai da ba ku tsaya a kan cewa basir ne ba. Dattijo mai shekara 64 da ya yi wata uku yana ganin jini, har ana ba shi maganin ƙarin jini, dole a leƙa hanjinsa ko da kuwa basir ɗin yana nan a fili, domin basir ba ya hana wani abu ya ɓuya a can sama.

Idan na fahimce ki, abu uku ne a gabanku: mai lita 4, ƙananan fakiti biyu, da haɗin kawu. Ga mutum irin Baba, mai suga da hawan jini, mai shan lisinopril da maganin fitsari, ni mai lita 4 nake zaɓa, a raba shi biyu, rabi da yammacin Litinin, rabi da asubahin Talata. Wannan rabawar ta fi sunan da ke jikin kwali tasiri a kan abin da za a gani ranar Talata, kuma ita ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da muke gani a allo

Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, kuma cikinsa ba santsi ne kamar bututun ruwa ba. Lungu-lungu ne da naɗe-naɗe. Abin da muke nema sau da yawa bai wuce ƙwayar wake ba, wani ma shafaffe ne a jikin bango, da ƙyar launinsa ya bambanta da na kewayensa. Irin waɗannan tsiron ne, in an bar su shekaru, wasunsu ke rikiɗewa su zama ciwon daji. In hanji ya wanku, bangon yakan fito fes, jaja-jaja mai sheƙi, har ƙananan jijiyoyin jini kana ganinsu kamar zanen lalle. In bai wanku ba, sai ka ga wani yauƙi ruwan ƙasa ya lulluɓe bangon dama, ka fesa ruwa ka zuƙe, ka sake fesawa, bututun zuƙa ya toshe da 'ya'yan kuɓewa ko na gwaba, aikin minti ashirin ya koma na awa guda, kuma ka fito zuciyarka ba ta natsu ba.

Akwai ma'aunin da muke amfani da shi, wanda likitoci a Boston ta Amurka suka fitar a 2009. Ana raba hanji kashi uku, dama da tsakiya da hagu, a ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 3. Jimilla 9 ke nan. Ana cewa wanki ya yi idan an samu aƙalla 6 kuma babu kashin da ya gaza 2. In ya gaza haka, ƙa'ida ita ce a sake aikin, a cikin shekara guda ga mai binciken rigakafi, ga wanda kuwa ke zubar da jini irin Baba ba a jira ko kusa da haka. Kuɗin aiki, kuɗin mota, yunwar kwana guda, duk a sake daga farko. Shi ya sa nakan gaya wa iyalai cewa rabin aikin nan a gida ake yin sa, mu namu rabin na biyu ne.

Mai lita huɗu

Garin da kika gani sunan sinadarinsa foliyetilin gilaikol, a taƙaice PEG, wasu kwalaye kuma za ki ga an rubuta makrogol, duk abu ɗaya ne. A 1980 wasu likitoci a Dallas ta Amurka suka haɗa shi, aka sa masa suna GoLYTELY. Akwai Klean-Prep, akwai kuma Fortrans na Faransa, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani, ana dama fakiti ɗaya a lita ɗaya.

Hikimar da ke cikinsa ita ce hanji ba ya tsotse shi, kuma an zuba masa gishiri-gishiri daidai da na jinin mutum. Don haka ruwan da aka sha shi ne ke bi ta hanji ya fita, ba ya jan ruwan jiki sosai, ba ya kuma shiga jini ya yi wa zuciya nauyi. Kamar mai wanke kwata da ruwan da ya ɗebo daga waje ne, bai taɓa randar gida ba. Wannan ne ya sa idan ƙoda ta raunana, ko zuciya, ko hanta ta tara ruwa a ciki, ko mutum ya manyanta, shi muke komawa gare shi.

Aibinsa kowa ya san shi: yawa da ɗanɗano. Lita 4 ledar fiya wata takwas ke nan, ga shi da ɗan gishiri-gishiri da santsi a baki. Mutane da yawa a leda ta biyar ko ta shida suke cewa sun ƙoshi, su ɓoye ragowar a bayan ƙofa, da safe su ce mana sun shanye. Kyamara kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Dabarun da na ga suna aiki ba su da yawa. A dama da wuri a sa a firji ko a randa ya yi sanyi. A sha kofi ɗaya, kamar rabin ledar fiya wata, duk bayan minti 10 zuwa 15, a kwankwaɗe shi, kada a riƙa kurɓa kamar shayi. A sha da tsinken lemo don ya wuce harshe, a tsotsi yankan lemon tsami tsakanin kofi da kofi. A riƙa ɗan zagaya tsakar gida. In zuciya ta tashi a dakata rabin awa sannan a ci gaba. Kuma lita 2 da yamma, lita 2 da asuba, ya fi lita 4 a zama ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai ƙannensa masu ƙarancin yawa, kuma a nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. MoviPrep lita 2 ne, a bi shi da ƙarin lita 1 na ruwa. Plenvu lita 1 ne, shi ma a bi shi da ruwa. Abin da ya ba su damar rage yawan ruwan shi ne an zuba musu bitamin C mai ɗimbin yawa, wanda hanji ba ya iya tsotsewa duka, sai ya tsaya ya ja ruwa. A kowace lita ta MoviPrep akwai fiye da giram 10, kwatankwacin ƙwaya ɗari na bitamin C mai miligiram 100 ɗin nan da ake ba yara. Wankinsu yana da kyau. Sai dai takardar da ke cikin kwalinsu ta yi gargaɗi a kan mai ƙarancin wani sinadari na jajayen ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, domin bitamin C mai yawa haka na iya farfasa masa ƙwayoyin jini. Wannan ƙarancin gado ne, ya fi bayyana a maza, kuma ya yawaita ƙwarai a Yammacin Afirka, yawancin masu shi ba su ma sani ba. Shi ya sa kafin in rubuta wa namiji irin wannan nakan tambaya ko ya taɓa shan wani magani idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ko a gidansu jarirai maza sun yi ta fama da shawara mai tsanani. In akwai shakka, ko a yi gwajin, ko a koma wa mai lita 4 wanda ba shi da wannan matsalar.

Ƙananan fakiti biyu

Mai kemis bai yi ƙarya ba, sun fi daɗin sha. Daga yadda kika kwatanta su, ina kyautata zaton irin su Picolax ne ko Picoprep ko CitraFleet, amma ki karanta jikin kwalin ki tabbatar. Haɗin sodiyam fikosalfet ne da magniziyam sitiret. Ana zuba fakiti ɗaya a ruwa kamar mililita 150, a juya minti biyu ko uku. Za ki ji kofin ya ɗau ɗumi a hannunki, kada ki tsorata, haka yake, a jira ya huce. Ɗanɗanonsa kamar na lemon zaƙi ko na tsami. Fikosalfet ɗin yana zaburar da hanji ya riƙa matsawa, magniziyam kuma yana jawo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji.

Kin ga bambancin ke nan. Wannan daga randar gida yake ɗiba. Ƙaramin kofin nan yaudara ce ga ido, domin bayan kowane fakiti sai an bi da ruwa-ruwa kofi bayan kofi, in aka haɗa duka ba a rasa lita 2 zuwa sama ba. Wanda bai sha ba jikinsa zai bushe, ƙoda ta wahala. Wanda kuma ya yi ta ɗirkar ruwa zalla, babu romo babu ruwan gishiri da sukari, gishirin sodiyam na jininsa na iya faɗuwa, ya fara ciwon kai, ya rikice, wani har ya yi jijjiga. Waɗanda wannan ya fi samu su ne tsofaffi da masu shan ƙwayar fitsari. Sannan magniziyam ta ƙoda yake fita, in ƙoda ta yi rauni sai ya taru a jini, shi ya sa aka hana mai ciwon ƙoda mai tsanani shan sa kwata-kwata.

To ki dubi Baba. Shekaru sun ja. Suga da hawan jini su ne manyan masu cin ƙoda a ɓoye, mutum na yawonsa bai sani ba. Lisinopril, wanda a kullum kariya ne ga ƙoda, idan jiki ya bushe yakan hana ta kare kanta. Ƙwayar fitsari kuma tana ƙara zubar da ruwa da gishiri. Duk abin da ake tsoro ya taru a mutum ɗaya. Da ɗan shekara 35 ne lafiyayye ya ce ba zai iya lita 4 ba, da hannu biyu zan ba shi ƙananan fakitin, kuma in ya raba su ya sha ruwa yadda ya kamata hanjinsa zai wanku. Ga Baba kuwa ina tsoron a yi gudun gara a faɗa gidan zago. In ba a auna ƙodarsa ba a 'yan watannin nan, a yi gwajin kiriyatinin, wato na aikin ƙoda, da na gishirin jini kafin Litinin, ba shi da tsada in aka kwatanta da kuɗin aikin kansa.

Akwai wasu biyu da zan ambata a gurguje don kada ki ci karo da su. Masu salfet, irin su Suprep da ƙwayoyin Sutab da ake haɗiya guda 24, suna wanki sosai amma su ma suna jan ruwan jiki, ga tsada. Sai mai sodiyam fosfet, irin su Fleet Phospho-soda, ƙananan kwalabe biyu. Wannan a guje shi. An gano yana sa fosfet ya daskare a cikin ƙoda ya lalata ta, wasu ba su sake warkewa ba. A Disambar 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi mai tsanani a kansa, kamfanin Fleet kuma ya janye nasa daga kantuna a can. Ƙungiyar likitocin kyamarar hanji ta Turai ma, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada a riƙa amfani da shi a matsayin na yau da kullum.

Maganar kawu

Ba zan ce kawu ya yi ƙarya ba. An daɗe ana yi da gishirin Epsom, da man zurma, da ƙwayar Dulcolax, da ɗura ruwa ta dubura, haɗe da kwana biyu ko uku ana shan ruwa-ruwa. Ni ma da shi na fara aiki, kuma har yau inda babu wani abin ko babu kuɗinsa ana yi. Wani lokaci hanji ya fito tas, wani lokaci kuma ya fito kamar ba a taɓa shi ba, kuma ba ka sanin wanne za ka tarar sai ka shiga. Matsalarsa ke nan: babu tsayayyen awo. Gishirin Epsom magniziyam salfet ne, don haka duk abin da na faɗa a kan ƙoda ya hau kansa, har ya fi, tunda cokali ake ɗiba da ido. Man zurma yana sa murɗar ciki mai tsanani. Ɗura ruwa ta ƙasa kuwa ƙarshen hanji kawai take wankewa, ba ta kai wa ɓangaren dama, inda tsiro shafaffe ya fi ɓuya. Filasko da sauran jiƙe-jiƙen wankin ciki su ma haka, suna sa gudawa, amma yawan gudawa daban, tsabtar bango daban.

Wani abin da ake amfani da shi saboda araha shi ne manitol, ruwan da ake ƙarawa a jijiya a asibiti, a gauraya shi da lemo a sha. A Barazil ana amfani da shi sosai, kuma yana wanki. Amma ƙwayoyin bakteriya da ke hanji suna cin sa su fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma tun shekarun 1970 an samu rahotannin fashewar hanji yayin da ake ƙona tsiro da lantarki. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, akwai kuma yadda likita ke kiyayewa, amma sai in ya san an sha. Kada a sha shi sai da sanin wanda zai yi aikin.

Lokaci

A nan ne nake so ki fi mayar da hankali. Da, akan ce wa mutum ya shanye komai da daddare ya kwanta, gobe da safe ya zo. Abin da aka gane daga baya shi ne ƙaramin hanji ba ya hutawa. Cikin dare yana ta zubo ruwan ɗaci da majina zuwa farkon babban hanji, wato ɓangaren dama. Wanda ya gama sha ƙarfe 9 na dare aka yi masa aiki ƙarfe 10 na safe, an bar awa 13 wannan yauƙin yana taruwa yana manne wa bango. Kamar tsakar gidan da aka share da magariba ce a lokacin hunturu, kafin hantsi ƙura ta sake rufe ta. Saboda haka ƙa'idar yanzu, a Turai da Amurka duka, ita ce a raba biyu, a fara rabin ƙarshe kamar awa 4 zuwa 6 kafin aiki, a gama aƙalla awa 2 kafin aiki. Wannan ya shafi kowane irin magani, babba ko ƙarami.

Na taɓa samun wani dattijo da aka kawo daga nesa. 'Ya'yansa sun saya masa magani mafi tsada a kemis, amma don tsoron tafiyar safe suka ba shi duka tun la'asar ɗin jiya. Hagu ya fito fes, dama kuwa ko bango ban gani ba. Na ce a sake. Bayan mako biyu suka dawo, a wannan karon da garin PEG mai rahusa, suka kwana a gidan ɗan'uwa a cikin gari, ya sha rabi da asuba. A daidai wurin da yauƙi ya rufe a karon farko na tarar da tsiro shafaffe mai faɗin farce, muka cire shi a zaman.

Ga Baba, tunda ƙarfe 10 ne, lissafin zai zama kamar haka. Ranar Litinin ya karya da abu marar nauyi, ya ci ɗan abincin rana da wuri, daga nan sai ruwa-ruwa. Ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma ya sha lita 2. Bayan kamar awa guda ciki zai fara motsi, ya zauna kusa da bayi, a tanadi buta da ruwa da fitila, a shafa basilin tun kafin wurin ya fara zafi. Ƙarfe 5 na asuba, ko da zarar ya idar da salla, ya fara lita 2 na biyu, ya gama wajen ƙarfe 7. Daga ƙarfe 8 babu abin da zai sake shiga bakinsa, saboda allurar barcin da za a iya yi masa. Alamar an kai gaci ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garai-garai mai ɗan rawaya kamar fitsari, kana hango ƙasan mazubi. In har lokacin yana fita ruwan ƙasa ko da gudaji, ku faɗa wa ma'aikatan da zarar kun isa, sau da yawa ana iya ƙara masa magani a mayar da aikin zuwa rana.

Tafiyar awa biyu da ciki mai gudu ba abin da za a ɗora wa dattijo ba ne. Shawarata ku shiga gari tun Litinin da rana, ku kwana inda akwai bayi a kusa. In hakan ba zai yiwu ba, ku roƙi a mayar da aikin zuwa ƙarfe 12 ko 1, don ya gama sha, ciki ya lafa na awa ɗaya ko biyu, sannan a kama hanya. Kada dai tafiya ta sa a haɗe maganin duka a daren Litinin.

Abinci da sauran magungunansa

Tun ranar Asabar a janye duk abin da ke da dusa, ɓawo ko 'ya'ya: wake, gyaɗa, riɗi, aya, dabino, gwaba, kankana, zogale, rama, dambu, miyar kuka da ta kuɓewa, fura, tuwon dawa, burodin alkama. Ya ci farar shinkafa, taliya, farin burodi, dafaffen ƙwai, kifi, kaza marar fata, dankalin Turawa da aka fere. Ba sai ya yi kwana uku da yunwa ba, wannan tsohon yayi ne, kuma ga mai suga haɗari ne. Ruwa-ruwan da ake nufi shi ne wanda in an zuba a kofin gilashi ana gani ta cikinsa: ruwa, shayi ba madara, romon kaza da aka tace aka kwashe mai, lemon kwalba marar launi, ruwan gishiri da sukari na fakiti. Zoɓo a ajiye shi, da duk wani abin sha ja, domin a allo kamar jini yake fitowa, ga shi kuwa jini muke nema. Kunu da nono da madara ba sa cikin lissafi.

Maganin ƙarin jinin nan, in mai sinadarin ƙarfe ne, a dakatar da shi kamar mako guda kafin aiki. Yana mayar da bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, ya manne wa bango, babu maganin da ke wanke shi da kyau. In kwanakin da suka rage ba su kai ba, ku tsayar yau ku sanar da asibitin. Metformin, wato maganin sugansa, akan dakatar da shi daga lokacin da aka daina cin abinci har a koma ci. In yana shan glibenclamide ko yana allurar insulin, wannan sai likitansa ya tsara, domin suga na iya faɗuwa cikin dare. A riƙa auna suga duk bayan 'yan awanni, in ya yi ƙasa ko ya fara gumi da karkarwa a ba shi shayi mai sukari ko lemo marar launi, ba ya ɓata wanki. Lisinopril da ƙwayar fitsari, ni nakan ce a tsallake su ranar shan magani da safiyar aiki, amma wannan hukuncin wanda ya san awon jininsa ne. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke sha don ciwon gwiwa ba tare da sun ɗauke su magani ba, a ajiye su. In yana shan abin tsinka jini irin warfarin ko clopidogrel, kada ya tsayar da kansa, kada kuma a ɓoye wa mai aikin. Duk ƙwayar da ya zama dole ya sha, ya sha ta fiye da awa guda kafin fara maganin wanki, in ba haka ba wucewa za ta yi da ruwan.

In ya kasance mai taurin bayan gida ne, wanda kan yi kwana uku bai zaga ba, ku faɗa tun yanzu. Masu suga da masu irin wannan su ne hanjinsu ya fi wuyar wankuwa, akan ƙara musu Dulcolax ko kwanakin sassauƙan abinci. In kuma lokacin zafi ne, irin na Maris zuwa Mayu, ruwan da zai sha a gefe ya fi na takarda. Wannan gargaɗin ya fi ƙarfi ga mai sikila, wanda bushewar jiki kan tayar masa da ciwo.

Akwai halin da ba a shan ko wanne daga cikinsu. In cikin Baba ya kumbura, yana amai, ya daina fitar da iska ko bayan gida, wannan alamar toshewar hanji ce, tura lita 4 a bayan toshewa kuwa na iya fasa shi. Asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba. Haka in bayan ya fara sha ya rikice, ko ya suma, ko fitsari ya ɗauke, ko jini ya ɓalle da yawa, ko amai ya hana komai zama, a tsaya a kai shi.

Ban ga Baba ba, ban ga sakamakon ƙodarsa ba, ban kuma san abin da ya sa likitansa ya rubuta wancan maganin da ba ku samu ba. Don haka kafin ku biya kuɗi, ki ɗauki hoton kwalayen biyu a waya, ki haɗa da jerin magungunansa, ki nuna a sashen da za a yi aikin, ki ce ga abin da aka samu, kuma kuna so a rubuta muku awannin sha a raba biyu. In suka ba da wani umarni da ya saɓa wa nawa saboda abin da suka gani a jikinsa, nasu za a bi. Ranar Talata kuma wani ya raka shi, don bayan allurar barci ba zai yi tuƙi ba. Da aka miƙo muku takardar sakamako, ki duba abu biyu ko ki tambaya: an kai kyamara har farkon babban hanji, kuma maki nawa wankin ya samu cikin 9.